Shekara bakwai da barin kodin, yanzu fom ɗin tantancewa yana tambayata

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Wani ɗan'uwa ya turo min wannan ta akwatin sirri, ya roƙi kada a sa sunansa. Duk amsar da zai bayar ni zan riƙa ɗorawa. Wanda ya gane shi, don girman Allah ya kama bakinsa.

Mai Tambaya:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni haifaffen cikin birnin Zariya ne, shekaruna 31. Na fara shan maganin tari mai kodin a 2015 ina aji biyu a makarantar gaba da sakandare. Abokin ɗakina ne ya fara zuba min a robar lemo. Daga rabin kwalba sai da na kai uku a rana, ranar da babu kuma in haɗiyi taramol. A 2018 mahaifiyata tana share min ɗaki ta jawo wani buhu a ƙarƙashin gado, kwalabe suka watse a tsakar ɗakin. Ba ta yi min faɗa ba. Zama ta yi a bakin ƙofa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, hawaye na zuba. A makon yayana ya kai ni asibiti a Kaduna. Na yi wata biyu a kwance, na ƙara shekara guda ina komawa ganin likita. Tun daga nan ko maganin tari na yara bai sake shiga bakina ba. Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, na yi aure, Allah ya ba ni 'ya.

Bana na ci jarrabawar wata hukumar tarayya da aikinta ya shafi takardun sirri, kuma wallahi ba ni da kowa a sama. An ba mu fom ɗin tantancewa. Makarantu, unguwannin da na zauna, garanto biyu, duk na cike. Sai na zo kan layin da ke tambaya ko na taɓa amfani da miyagun ƙwayoyi, ko an taɓa yi min magani a kan hakan. Akwati biyu ne, e da a'a. Litinin zan mayar da fom ɗin. Kwana huɗu ke nan ba na barci. Ku ba ni shawara tsakaninku da Allah.

Ɗan Kwarbai:
Ƙanena, sa alama a kan a'a ka tafi abinka. Allah ya rufa maka asiri shekara bakwai, kai kuma za ka ɗauki biro ka tona da hannunka? Mutum nawa ne suka nemi gurbin nan? Wanda zai duba fom ɗin dalilin rage mutane yake nema, kada ka miƙa masa wuƙa.

Ma'aikaciyar Jinya, Samaru:
Ƙanena, Allah ya ƙara tabbatar da kai. Bari in cire maka tsoro ɗaya tukuna. Idan gwajin fitsari kake tsoro, babu abin da zai nuna. Kodin yana barin fitsari cikin kwana biyu zuwa uku, taramol ma 'yan kwanaki ne. Wiwi ce mai daɗewa, mai shanta kullum takan kai masa kusan wata guda. Ko gwajin gashi aka yi, wanda ya fi zurfi, abin da yake kamawa na wajen kwana 90 ne. Ɗan kofi za a ba ka, a tsoma sandar gwaji, cikin mintuna layi ya fito. Jikinka ya daɗe da wankewa. Abin da ya rage shi ne katin asibiti da bakin mutane.

Tsohon Saje, Basawa:
Hajiya ta taɓo wajen. Bakin mutane.

Yaro, na yi shekara 31 a kaki kafin na ajiye, kuma na ga yadda ake bin diddigin mutum. Ɗan Kwarbai yana magana kamar fom ɗin ne ƙarshen zance, alhali shi ne farko. Mutum biyu ne za su zo unguwarku da kaftani, ba kaki, ba mota mai jiniya. Su gaisa da mai unguwa, su yi sallar la'asar a masallacinku, su zauna a bencin mai shayi su sha kofi ɗaya. Ba za su ce wane yana shan ƙwaya ba. Cewa za su yi, yaron gidan wane ɗin nan, ya halinsa yake? Sai wani ya ce ai yanzu Alhamdu lillahi ya shiryu. Wannan kalma ta yanzu ita kaɗai ta isa. Mai faɗar ma yabonka yake yi, bai san ya kashe ka ba, domin a fom ka ce ba ka taɓa ba.

Kuma ku gane dalilin tambayar. Gwamnati ba limamiya ba ce, ba hisabi take yi wa mutum ba. Abin da take tsoro shi ne a ba ka mabuɗin ɗakin fayil alhali akwai wani a waje da yake riƙe da igiyar wuyanka. Wanda ya sayar maka da kwalaben nan yana nan da rai. Abokin ɗakinka yana nan. Ran da suka ji inda kake aiki, ɗaya zai iya kiranka ya ce ɗan duba min takarda kaza, in ba haka ba ogoginka su ji tarihinka. In ogoginka sun riga sun sani daga bakinka, me zai tsorata ka da shi?

Ɗan Kwarbai:
Baba Saje, da girmanka, wannan a littafi ne. Masu binciken nan sau nawa suke zuwa? Nawa muka gani a garin nan da kowa ya san majalisarsu ta dare, yau suna sanye da kaki saboda takardar wani babba?

Tsohon Saje, Basawa:
Akwai su, ban musa ba. Amma shi ya ce ba shi da kowa a sama. Mai uwa a gindin murhu in ƙaryarsa ta fito akwai mai tare masa. Shi wa zai tare masa?

Bazazzagi a Amurka:
Salam. Ina zaune a nan shekara 16, kuma na taɓa cike irin wannan fom lokacin da na yi aiki da kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila. Bari in faɗi yadda suke yi, ko za mu tsinci wani abu.

Fom ɗinsu sunansa SF-86, ya haura shafi 100. Sashe na 23 shi ne na ƙwaya. Abin lura, yawancin tambayoyin wajen ba cewa suke ka taɓa ba, cewa suke a cikin shekara 7 da suka wuce. Waɗanda ba su da iyakar lokaci su ne irin ko ka sha kana riƙe da izinin ganin sirri, ko kana jami'in tsaro, ko an taɓa yi maka magani a kai. Daga nan masu yanke hukunci suna da ƙa'idoji 13 a rubuce, tsarin da ake aiki da shi yanzu ya fara a 2017, kuma kowa zai iya karantawa a intanet. Ƙa'ida ta H ita ce ta ƙwaya. A cikinta an rubuta abubuwan da ke sassauta laifin: abin ya daɗe da wucewa, mutum ya rabu da abokan shan, ya bar wuraren da ake sha, ya kammala maganin da likita ya ɗora shi a kai ba tare da komawa ba, ya kuma sa hannu a takardar alkawarin cewa in ya koma a ƙwace izinin. Ku duba labarin ɗan'uwan nan, kusan duka ya cika su.

Wanda doka ta rufe wa ƙofa kai tsaye shi ne wanda yake kan sha a yanzu, tun wata doka ta 2008. A Disamban 2021 ma shugabar hukumomin leƙen asirinsu ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da umarni cewa shan wiwi a baya abin dubawa ne amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai dai akwai ƙa'ida ta E, ta halin mutum, kuma nan ne ƙarya a fom take faɗawa. Ƙarya da gangan a takardar gwamnatin tarayya laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Ranar da mai bincike ya zauna da ni, awa biyu muka yi, yana bin amsoshina layi-layi, ya sake tambayar abu ɗaya ta wata fuska don ya ga ko zan canza. Ba tsarkaka suke nema ba, mutumin da maganarsa ɗaya ce suke nema.

Ɗan Kwarbai:
Yaya na Amurka, kai ma da bakinka ka faɗi bambancin. Su sun rubuta ƙa'ida, sun sa shekaru, in an hana ka a gaya maka dalili ka ɗaukaka ƙara. Mu fa? A Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta tabbatar da ministoci 45 cikin 48, ta ajiye uku har da Malam Nasiru El-Rufa'i, aka ce ana jiran rahoton tsaro. Ba maganar ƙwaya ba ce ko kusa, misali kawai nake bayarwa. Tsohon gwamna sukutum, wanda ya yi shekara takwas yana mulkin jihar nan, kalma biyu suka tsayar da shi kuma ba a karanta wa jama'a rahoton ba. To ina ga yaron da ba shi da kowa? Sunansa kawai zai ɓace daga jerin, ba wanda zai ce masa ga dalili.

Injiniya, Hanwa:
Ku yi haƙuri, ni ra'ayina daban. Ina taya shi murna da shiriya, amma ba kowane aiki ne na kowa ba. Ga kasuwanci, ga koyarwa, ga noma. Aikin da ya shafi sirrin ƙasa ko bindiga a bar wa wanda bai taɓa ba. Nan cikin Samaru akwai na'urar binciken nukiliya a cibiyar makamashi ta ABU tun 2004, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan, ga Dafo inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Wa zai so a ce wanda ke gadin irin waɗannan wurare yana da tarihin caku? Ɗan ƙwaya yakan koma, mun gani ba sau ɗaya ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Samaru:
Injiniya, gaskiya ne ana komawa. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan zame. Amma yawancin zamewar a watannin farko ne da shekarar farko. Wanda ya haye shekara biyar haɗarinsa ya ragu ƙwarai. Na yi jinyar masu janyewa daga kodin, na ga gumi da amai da gudawa da ciwon ƙashi da mutum ke birgima a kan gado yana roƙon a ba shi ko murfi ɗaya. Wanda ya ratsa wannan, ya koma unguwar da kemis ɗin yake, ya wuce ta gabansa kullum shekara bakwai bai tsaya ba, ni na san wani abu game da ƙarfin zuciyarsa. Wanda bai taɓa ba, ba a gwada shi ba tukuna.

Uwar Yara, Gyallesu:
Ni dai maganar nan ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi, domin ɗana na biyu ya bi wannan hanya, shi ƙwayoyin roci da farin malam ya sha. Ku ji abin da yake cin raina. Lokacin da abin ya same mu, dangi suka rabu biyu. Wasu suka ce a kai shi gidan mari a ɗaure, ba wanda zai ji. Wasu suka ce a rufe shi a ɗaki a gida. Ni na ƙi, musamman bayan abin da aka gano a Rigasa a 2019, mutum sama da 300 wasu da sasari a ƙafa. Na sayar da 'yan kunnena na kai shi asibiti. Yau ya warke, yana gyaran waya.

To amma ku duba. Wanda aka ɓoye a ɗaki ba shi da kati a ko'ina, gobe zai rubuta a'a hankali kwance. Nawa da na kai wajen likita shi ne mai fayil da lamba. Ashe wanda ya bi hanyar daidai shi za a hukunta? In iyaye suka fahimci katin asibiti zai toshe wa ɗansu aikin gwamnati har abada, wallahi ba mai sake kai yaro asibiti. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari ne. Injiniya, duk waɗannan a shafe su? 'Ya'yan wa za su rage?

Injiniya, Hanwa:
Hajiya, Allah ya saka miki, ya ƙara shirya shi. Ban ce a shafe su ba, na ce wasu kujeru ne kawai. Amma maganar katin asibitin nan ban taɓa kallonta ta nan ba.

Malamin Islamiyya, Tudun Jukun:
Ɗan Kwarbai ya kawo maganar rufin asiri, kuma tana da asali. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa dukkan al'umma ana yi musu afuwa sai masu bayyana saɓo, wato wanda Allah ya suturta shi da dare ya wayi gari yana ba da labari. An kuma ruwaito cewa mai tuba daga zunubi kamar wanda ba shi da zunubi ne. Don haka ɗana, ba wanda yake da haƙƙin ya goranta maka, kuma ba a ce ka zauna a majalisa kana ba da tarihinka ba.

Amma wannan wuri daban ne. Hadisin yana magana a kan mai tallata zunubi don alfahari ko rashin kunya. Kai amana za a ɗora maka, mai amanar ya tambaye ka a asirce, ka sa hannu cewa abin da ka rubuta gaskiya ne. Shiru a inda ba a tambaya ba sutura ce, amma rubuta a'a a inda amsar e ce ƙarya ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, mai ƙarfi, amintacce. Sannan ga albashin da za ka ci har ka yi ritaya, ka ciyar da 'yarka da shi. Ka so tushensa ya zama wanda ba za ka riƙa juyi a kansa da dare ba.

Wani abu kuma ga Injiniya. Malaman fiƙihu sun tattauna karɓar shaidar wanda ya tuba daga fasiƙanci, wasu suka ce a jira shekara guda a ga halinsa. Lokaci suka sa, ba su ce har abada ba.

Ɗan Kwarbai:
Allah gafarta Malam, na ji kuma ban ja da nassi ba. Amma in ya faɗi gaskiya aka cire shi, aka ba wanda ya fi shi sha amma ya iya ƙarya, ƙasar ta ci riba ke nan?

Malamin Islamiyya, Tudun Jukun:
Ba ta ci ba, kuma alhakin yana wuyan wanda ya cire shi. Ni dai ba zan iya ce masa hakan ba zai faru ba. Zai iya faruwa.

Lauya, Sabon Gari:
Na jira malamai su gama. Ɗan'uwa, ka sake karanta tambayar da kyau, kalma-kalma. Yawancin tallan ɗaukar aikin kaki sharaɗinsu shi ne kada kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Kai ba a taɓa kama ka ba, ba a gurfanar da kai ba, to wannan layin a'a ne da gaskiyarka. Kada tsoro ya sa ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. Amma layin da ka kawo mana ya ambaci magani, kuma an yi maka.

Game da katin asibiti, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a fitar da bayanin majiyyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda wata doka ta wajabta. Sai dai ka duba shafin ƙarshe na fom ɗinka. Irin waɗannan takardu sukan ƙare da sakin layin da kake ba su izinin bincikar duk abin da ka rubuta. In akwai shi, da sa hannunka ka buɗe ƙofar.

Ga kuma lissafin da Ɗan Kwarbai bai yi ba. A ƙa'idojin aikin gwamnati, yin ƙarya a takardu yana cikin manyan laifukan da hukuncinsu kora ce, kuma kora ba ajiye aiki ba ce, tabo ne da yake bin mutum. In an ƙi ɗaukarka yau, ka rasa gurbi ɗaya, shekarunka 31, kana iya neman wani. In aka gano bayan shekara goma, lokacin ƙarin girma ko lokacin da wani abokin hamayya a ofis ya rubuta takardar ƙorafi, ka rasa duka.

Kana iya jin tsoron ko amsar za ta jawo maka tuhuma, tunda dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, mai tsauri ce, akwai sashen da ya sa ɗaurin shekara 15 zuwa 25. A aikace shari'ar ƙwaya tana tsayuwa ne a kan abin da aka kama a hannun mutum aka kai ɗakin gwaji. Kuma a shekarun da kake magana, maganin tari mai kodin yana kan kanta a kemis-kemis, sai a farkon Mayun 2018 gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi, bayan binciken da BBC ta fitar. Masu tantancewar sun san wannan zamanin, wasunsu a gidajensu abin ya faru.

Shawarata, kada ka sa e tsirara ka miƙa. Ka haɗa da takarda shafi ɗaya: shekarar farawa, shekarar dainawa, abin da ka sha, ba ƙari ba ragi. Ka karɓo wasiƙar likitan da ya sallame ka. Ka je ofishin NDLEA da ƙafarka ka nemi a yi maka gwaji, ka haɗa sakamakon. Ka sanar da garantocinka tun yanzu, kada su ji daga bakin baƙo. Ka ajiye kwafin komai.

Tsohon Saje, Basawa:
Barista ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara. Ranar ganawa, shekarun da ka rubuta su za ka faɗa. In ka ce 2015 a takarda kada ka ce 2016 da baki don ka rage. Kuma kada ka ɗora wa abokin ɗakinka laifi, ka ce ni na sha, ni na bari.

Mai Tambaya:
Na karanta duka, wasu sau uku. Jiya bayan isha'i na je wajen mai unguwarmu, shi ne garantona na farko. Na durƙusa na fara kame-kame, sai ya ɗaga min hannu ya ce, ɗana, ai ni na ba yayanka aron motar da aka kai ka Kaduna. Shekara bakwai ina gaishe shi kullum ina zaton bai sani ba. Ya ce da aka kawo masa fom ɗin garanto ya sa hannu ne yana sane, kuma duk wanda ya zo tambaya zai gaya masa farkon labarin da ƙarshensa.

Na dawo gida na sa alama a kan e. Na gaya wa matata abin da na yi, ta ce dama ta san haka zan yi. Mahaifiyata ce ta fi damuwa, tana tsoron a cire ni, har yanzu ba ta saki jiki ba.

Ɗan Kwarbai:
Ni har yanzu gabana na faɗuwa a kanka, ƙanena, ba zan ɓoye maka ba. Amma tunda mai unguwa ya sani, to mai shayi ma ya sani, shawarata ba za ta yi aiki ba. Allah ya haɗa ka da mai duba fom mai tsoron Allah.

Uwar Yara, Gyallesu:
Ka ce wa mahaifiyarka wata uwa tana gaishe ta. Za mu sa ka a addu'a.

Mai Tambaya:
Amin, na gode. Anti mai jinya, wasiƙar likitan ce ta rage. Gobe Juma'a, in na kama motar Kaduna daga Kwangila da sassafe zan same su kafin a tashi?

Ma'aikaciyar Jinya, Samaru:
Ka fita bayan sallar asuba, ranar Juma'a ofisoshi sukan watse da wuri. Ka tafi da tsohon katinka, lambar da ke jiki ita za ta sa a ciro fayil ɗinka da sauri. Ka fara zuwa sashen ajiye bayanai kafin ka nemi likita. In sun ce wasiƙar ba za ta fito a ranar ba, ka roƙi su ba ka shaidar cewa ka nema, ka haɗa da ita ranar Litinin.